Ranar da Ishaya Ya Kira Ni Ban Tashi Ba

Rediyota mai cin faifai ta mutu a watan da ya wuce. Na kai ta wajen wani mai gyara a kasuwar Gwarinpa, ya kwance ta, ya leƙa cikinta, ya ce, "Baba, kayan wannan sun daɗe da ƙarewa a kasuwa. Wa ke jin faifai yanzu? Ai komai yana cikin waya." Na ce masa faifai ɗaya ne tak nake ji da ita. Ya yi dariya ya ce in faɗi sunan mawaƙin ya nemo min a wayarsa. Na faɗa, ya nema, ya sake nema, babu. Na rungumo rediyota na dawo gida, kuma tun daga ranar zuciyata ba ta bar komawa baya ba.

Lokacin da na zo Abuja aiki, soja ba su daɗe da komawa bariki ba, gari kuma yana tashi kamar ƙullin da ya ji yisti. Ina saurayi, ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, na sami ɗaki ɗaya a bayan gidan wani a Gwarinpa. Unguwar a lokacin rabi gidaje ce rabi ciyawa. Da asuba, bayan kiran salla, abin da ka fara ji shi ne ƙarar kurar mai ruwa, jarkoki suna gwaruwa, sai tifa ta wuce da yashi, sai gudumar kafintoci a kan rufin da ba a gama ba. Ranar Asabar da safe ni da kaina nake wankina a bakin famfon da ba ya kawo ruwa, in shanya a kan katanga, in goge kaftanina na Litinin da dutsen guga na gawayi idan an ɗauke wuta. Katangun ma gajeru ne, kana wanki kana gaisawa da maƙwabci. Yau kuwa kowa ya ɗaga tasa ya ɗora mata waya mai ƙaya, na shekara goma a layinmu ban san sunan mutumin da ke gida na uku ba. A wancan lokacin wayar hannu ta shigo ke nan, wanda ya mallake ta sai ya rataya ta a ƙugu don a gani. Kowa na sauri, kowa na ganin gobe tasa ce.

A bayan layinmu akwai wani lambun shaƙatawa, bishiyoyin mangwaro da kujerun roba, ana gasa kifi, ana sayar da lemo, ana kuma sayar da abin da bai kamata a ga ɗan malamai kusa da shi ba. Wata Asabar bayan la'asar ina dawowa daga kasuwa na ji wani kiɗa yana fitowa daga can. Ba irin na biki ba ne, ba kuma irin na rediyo ba. Jita ce take magana a hankali, kamar mutum yana ba da labarin abin da ya dame shi amma ba ya so ya yi kuka, a ƙarƙashinta kuma wani amo mai kauri yana tafe kamar ruwa a kwari. Na tsaya da ledar tumatir a hannu har ƙafata ta gaji, sannan na shiga.

Mutum biyu ne. Mai jitar saurayi ne siriri, bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, sunansa Ishaya, ɗan Ushafa, Gbagyi, waɗanda mu muke kira Gwarawa. A coci ya koyi jita, daga baya ya faɗa hannun dattijon da ke zaune kusa da shi, Baba Tunde, Bayarabe mai furfura wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kiɗa a otal-otal na Kaduna. Shi ke buga fiyanon lantarki mai amo irin na coci. Da suka huta na tambaye su sunan wannan kiɗa. Baba Tunde ya ce, "Oga, jaz ne, amma mai rai. Sol jaz. Wanda baƙaƙen Amurka suka ɗauko daga coci suka kawo titi. Ba don ƙafa kaɗai ba, don nan ne." Ya dafa ƙirjinsa. Suka ci gaba, ni kuma ban san lokacin da yatsuna suka fara bin su a kan tebur ba. Ishaya ya ɗago kai ya dube ni, bai daina kiɗa ba, ya ce, "Oga, hannunka ya san hanya fa."

Hannuna ya san hanya, gaskiya ne, kuma wannan shi ne sirrin da na taso da shi. A garinmu, ina yaro, idan mata suna kiɗan ƙwarya a gidan biki, nakan laɓe a bayan danga in kwaikwaya a kan tsohuwar ƙwarya. Ranar da kakana ya kama ni bai doke ni ba, ya dai ce, "Gidan nan allo muka gada, ba ganga ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Daga nan na rufe abin a ciki, na yi boko, na yi digiri, na sa hula na shiga ofis. Sai ga wani yaro a ƙarƙashin mangwaro ya gano ni cikin minti biyar.

Asabar da ta biyo baya Ishaya ya ce in raka shi Ushafa. Muka hau motar Bwari, muka sauka, muka taka zuwa gidansu a gindin dutse. Mahaifiyarsa, Mama Jummai, maginiyar tukwane ce. Na same ta tana zagaya yumɓu, ita ke juyawa, tukunyar na tsaye, bayanta a sunkuye, hannunta yana lallashin laka har ta miƙe ta zama abu. Ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu da hayaƙin ciyawar da ake gasa tukwane da ita, har yau idan aka yi ruwan fari sai in ji kamar ina tsakar gidan nan. Ishaya ya yi mata magana da yarensu, ta shiga ɗaki ta fito da wani tulu mai huda a gefe. Ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ta kara a kunne, ta miƙo min. "Wannan ya sha wuta sosai," in ji ta. "Tulun da bai sha wuta ba, ba ya magana." Na zauna a kan turmi na rungume shi, na bugi bakin hudar da tafin hannu. Wata murya ta fito daga cikinsa, mai zurfi, kamar maƙogwaron bijimi. Matan gidan suka yi guɗa. Daga ranar Ishaya ya daina ce min Oga, ya koma ce min Yaya.

Shekara biyu muka yi haka. Litinin zuwa Juma'a ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, ina cewa "ranka ya daɗe". Asabar bayan la'asar in cire hula in sa a aljihu, in zauna a bayan fiyanon Baba Tunde inda reshen mangwaro ya rufe ni, in rungumi tuluna. Kafin magariba mun tashi, don sun san zan tafi masallaci, kuma ba su taɓa cewa in ƙara ko minti ɗaya ba. Yaran yanzu suna kiɗa da kwamfuta, mutum ɗaya a ɗaki ya haɗa ganga da algaita da komai, ba ya bukatar kowa. Ban ce ba su iya ba. Amma ba su san abin da ake ji ba idan mutum uku suna numfashi tare, wannan ya bar wa wancan fili, wancan ya amsa. Baba Tunde yakan ce wa Ishaya, "Yaro, kada ka cika surutu da jita. Ka bar wuri. Wurin da ka bari shi ne kiɗan."

Da Ishaya ya ce lokaci ya yi da zai fitar da faifansa na farko, muka sami wani situdiyo a Wuse, ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai da tsofaffin katifu. Janareta sai da aka ja shi can bayan gida aka rufa masa buhuna don kada ƙararsa ta shiga. Asabar uku muka yi muna ɗauka, gumi yana zuba, ba a kunna fanka. Kiɗa bakwai ne, duk nasa, babu waƙa ko ɗaya, jitar ce mawaƙiya. Ya sa wa faifan suna Yumɓu da Tsirkiya. Na ƙarshe a ciki ya yi shi ne don mahaifiyarsa, ni da shi kawai, jita ta yi tambaya, tulu ya ba da amsa. Sau ɗaya muka ɗauke shi. Da muka gama, mai situdiyon ya cire abin kunnensa ya ajiye, Baba Tunde kuma ya juya baya yana share gilashinsa.

Da aka zo rubuta sunaye a bangon faifai na ja Ishaya gefe na ce kada a sa nawa. Ya dube ni. "Yaya, ai rabin aikin naka ne." Na ce ya yi haƙuri, yanayin aikina ne. Ban gaya masa sauran ba. A lokacin ina neman auren Hadiza, kuma Daraktan sashenmu kawunta ne, shi ne waliyyinta tun rasuwar mahaifinta, shi ne kuma mai sa hannu a kan ƙarin girmana. Ishaya bai ja ba. Aka rubuta: tulu, wani ɗan'uwa.

Ranar ƙaddamarwa ta faɗo Asabar, a lambun nan namu. An jera kujeru, an kafa rumfa. Mama Jummai ta zo da mata cike da mota daga Ushafa, sun sha zannuwansu na coci. Ishaya ya ɗinka riga sabuwa. An ajiye tuluna a kan kujera a gaban jama'a, ba a bayan fiyano ba, don ya ce yau kam sai an ga mai shi. Na amince, na ce a raina wa ya san ni a nan. Na dawo daga alwala ke nan zan nufi wajensu sai na ji an kira sunana. Na waiga. Darakta ne zaune a sahun gaba cikin babbar riga. Ashe mai lambun abokinsa ne, shi ya gayyato shi a matsayin babban baƙo.

"A'a, kai ma ka zo kallo?" in ji shi. "Zo nan, zo zauna kusa da ni."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wucewa nake na ga taro." Na laluba aljihu na fito da hula na sa, na zauna.

Aka fara. Ishaya ya yi kiɗan da ban taɓa jin ya yi irinsa ba, har masu gasa kifi suka bar wuta suka matso. Darakta yana kaɗa ƙafa. Ya sunkuyo ya ce min, "Yaron nan yana da baiwa, wallahi. Sai dai ka san mu, kiɗa a ji shi daga nesa. Ba sana'ar da za ka ba wa mai ita 'yarka ba ce." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Kiɗa shida suka yi su biyu, Ishaya yana ta duban kujerar da tulu yake, yana duban jama'a. Da aka zo na bakwai ya matso bakin lasifika.

"Wannan na Mama ne," ya ce. "Ba na iya yin shi ni kaɗai. Yayana yana nan, mai tulu. Yaya, bismilla."

Idonsa ya same ni. Tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Na sunkuyar da kai ina kallon kwalbar lemon da ke hannuna. Ya sake cewa, "Yaya." Jama'a suka fara waige-waige. Na ji Darakta yana cewa, "To ina yake?" Ban tashi ba. Sai na ji Ishaya ya yi 'yar dariya ya ce, "Kamar bai iso ba tukuna. Go-sulo ne, kun san Abuja." Mutane suka yi dariya. Ya gyara jitarsa ya fara. Bai cike gurbina ba. Jita ta yi tambaya, sai ya tsaya daidai tsawon amsata, wurin ya yi tsit har kana jin kitsen kifi yana ɗiga a wuta, sannan ya ci gaba. Haka ya yi har ƙarshe. Jama'a suka ɗauka haka kiɗan yake, suka tafa sosai. Ni kaɗai da Baba Tunde da tsohuwa muka san abin da ya ɓace.

Da aka tashi, Mama Jummai ta je ta ɗauki tulun ta ɗora a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Ta biyo ta gabanmu. Na ɗauka za ta wuce, sai ta tsaya ta dube ni, ta dubi babbar rigar da ke kusa da ni, ta ce, "Sannu, ɗana. Ka gai da gida." Darakta ya ce, "Ka san ta ne?" Na ce, "Tukwane take sayarwa."

Ban koma lambun ba. Kowace Asabar in ce sai mai zuwa, kunya tana ƙara nauyi. Aka ɗaura aurena, aka ƙara min girma, na bar ɗakin bayan gida na koma gida sukutum. Faifan kuwa bai yi kasuwa ba. Kiɗan kwamfuta ya riga ya cika gari, masu tura faifai a baro suka ce ba wanda zai sayi kiɗan da babu waƙa a ciki. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, haka ake cewa, amma Ishaya bai iya wata rawar ba. Sai zamanin rusau ya zo. Aka shafa wa katangar lambun jan fenti, bayan mako biyu katafila ta tumɓuke mangwarorin. Unguwar da Ishaya ke haya ita ma aka baje ta.

Wata rana da hantsi mai gadi ya ce wani tsoho yana nemana a bakin ƙofar ma'aikata. Baba Tunde ne, da jaka a hannu, zai koma garinsu gaba ɗaya. Bai karɓi kujerar da na ba shi ba. Ya ce Ishaya ya koma Tungan Maje, ya kama aiki a gidan buga bulo tunda wurin kiɗa ya ƙare, kuma injin ya kama masa hannun hagu. "Yatsu uku sun tafi, Oga. Yana asibiti a Gwagwalada. Bai ce in zo ba, ni na zo." Na ce inna lillahi, na ce insha Allahu ranar Asabar zan je. Ya dube ni. "Ku Hausawa kuna cewa zumunta a ƙafa take," ya ce. "Ni a bakinku na ji." Ya ɗauki jakarsa.

Ban je ba. Da wane ido zan dube shi? Haka na riƙa tambayar kaina, ban gane cewa kaina nake wa gata ba, ba shi ba. Shekara tara suka wuce. Hadiza ce, da na ba ta labarin wata rana bayan rasuwar kawunta, ta ajiye abin da take yi ta ce, "Yanzu duk shekarun nan da wannan kake kwana? Tashi ka ɗauki mukullin mota."

Na same shi a Tungan Maje, a bakin titin Gwagwalada, a wata 'yar rumfa yana sayar da tukwanen furanni da ake kawo masa daga Ushafa. Ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara. Yana ganina ya miƙe. "Yaya!" Ya rungume ni da hannu ɗaya da rabi. Ya sa aka kawo min ruwa, ya shimfiɗa min kwali don in yi azahar, ya nuna min gabas. Na tambayi Mama, ya ce ta rasu bara waccan. Na yi ta'aziyya. Na buɗe baki in faɗi abin da na shekara tara ina shiryawa, sai ya riga ni.

"Yaya, akwai maganar da take damuna. Ranar nan, ban san oganka ne a kusa da kai ba. Sai daga baya Baba Tunde ya gaya min. Da na sani, wallahi ba zan kira ka ba. Na sa ka a kunya gaban mutane. Na ɗauka shi ya sa ka yi fushi ba ka zo ba. Ka yafe min."

Mutum mai 'ya'ya, mai direba, na zauna a kan bencin mai tukwane ina kuka, motoci suna wucewa. Da na share hawaye na ce, "Ishaya, ni ne mai laifi, tun daga farko har ƙarshe." Ya ce, "To shi ke nan, mun yafe wa juna. Ka sha ruwanka."

Na tambaye shi jitar. Ya shiga bayan rumfa ya fito da ita a cikin buhu, tsirkiyoyin sun yi tsatsa amma suna nan. Ya ce wani lokaci yakan kaɗa ta haka nan, hannun dama bai manta ba, mai danna wuyan ne babu. Sai ya matso ya ɗora ta a cinyoyinmu mu biyu. Ya kama hannuna na hagu da guntun nasa, ya jera yatsuna ɗaya bayan ɗaya a kan tsirkiya. "Danna sosai. A'a, nan. Kada ka saki." Ƙarfen yana cin fatata. Ya sauke babban yatsansa na dama a hankali, amo ɗaya ya fito, cikakke, mai ɗumi. Ya rufe ido yana saurare har ya mutu a cikin ƙarar tireloli.

"Ka ji?" ya ce. "Shekara tara ban ji wannan ba. Riƙe, Yaya, kada ka ɗaga. Bari in ƙara ɗaya."